Barin Kano da Sauka a Ƙasar Waje a Matsayin Ɗalibin Musaya: Tambayoyi da Amsoshi

Na daɗe ina koyarwa a Kano, kuma duk shekarar da wani ɗalibi ya samu gurbin karatun musaya, ƙafa ba ta ɗaukewa daga ƙofar gidana. Uba ya zo bayan Magariba, uwa ta kira a waya, mai tafiyar kuma ya tare ni a bakin aji. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tattara su a nan yadda ake yi mini su.

Malam, wai mene ne karatun musaya? Ba shi ne tafiya karatu waje ba?

Ba shi ba ne. Wanda ya tafi digiri Masar ko Indiya ya kwashi karatunsa ne ɗungurungum ya koma can, kuma can zai karɓo takardar shaidarsa. Ɗalibin musaya kuwa aronsa aka bayar. Sunansa na nan a rajistar makarantarsa ta gida, zai je ya yi zango ɗaya ko shekara guda, ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya.

Iri biyu muka fi sani a nan. A na 'yan sakandare, wanda ya fi suna shi ne shirin YES, da majalisar dokokin Amurka ta kafa a 2002, bayan harin 11 ga Satumban 2001, don a riƙa kai yara daga ƙasashen da ke da Musulmi da yawa su yi shekarar karatu guda a gidajen Amurkawa. Sunan sanatoci biyu yake ɗauke da shi, Edward Kennedy da Richard Lugar, kuma yaran Arewa sun sha zuwa. Na 'yan jami'a kuma akwai Erasmus+ na Tarayyar Turai, wanda ya faro a 1987 tsakanin Turawa ya-su-ya-su, daga baya aka buɗe wa wasu ƙasashe ƙofa. Shi wannan sai jami'arka tana da yarjejeniya da wata jami'a a can. Don haka ɗan Jami'ar Bayero ko ta Wudil, sashensu zai fara tambaya, ba mai kafe na bakin titi ba.

Wani ya ce in kawo kuɗi zai sama wa ɗana gurbi. In bayar?

Kada ka bayar, Alhaji. Ba a sayar da gurbin YES. Da jarrabawa da hira aka saba zaɓen yara, kuma gwamnatin Amurka ce ta saba ɗaukar nauyin tafiyar. Erasmus+ ta jami'a yake biyowa. Akwai shirye-shiryen musaya na kuɗi, gaskiya ne, amma su ma ba a lungu ake biya ba, ba kuma a asusun wani mutum ba. Duk wanda ya ce a kawo masa fasfon yaro ya riƙe, ko ya ce a yi sauri yau za a rufe, to ka dafe aljihunka.

Waɗanne takardu zan fara nema?

Fasfo, shi ma sai da lambar NIN. A cikin gari ana yin sa a ofishin shige da fice na Farm Centre. Kada a jira sai takardar gayyata ta zo; ranar da aka cike fom, ranar za a fara neman fasfo.

Sai dai abin da ya fi kayar da yaranmu ba rashin takarda ba ne, saɓanin suna ne. A takardar haihuwa Muhammad, a NIN Mohammed, a makaranta Muhd, wani ma an liƙa masa sunan unguwarsu a ƙarshe. Mu nan mun san mutum ɗaya ne, amma kwamfutar ofishin jakadanci ba ta san dangantaka ba. Haka ma ranar haihuwa, wadda wasu ke da guda biyu. A shimfiɗa tabarma, a jera takardun duka, a bi su harafi bayan harafi, a gyara tun da sauran lokaci.

Akwai katin rigakafin shawara mai ruwan ɗorawa, da ake karɓa wajen jami'an lafiya masu kula da matafiya. Allura ɗaya ce, amma sai ta kwana 10 kafin katin ya fara aiki. Makarantun Amurka suna neman tarihin rigakafin yarinta, saboda haka Hajiya ta duba ƙasan akwati ko tsohon katin asibitin yana nan. Wanda bai kai shekara 18 ba yana buƙatar takardar amincewar iyaye.

Biza kuma, ta Amurka ana ce mata J-1. Masu shirin za su aiko da takardar DS-2019, a cike fom na DS-160 a intanet, a je hira Abuja ko Legas, don ba a yi a Kano. A Turai, bizar Schengen ta gajeren zama kwana 90 ce cikin 180, zangon karatu kuwa ya fi haka, sai an nemi ta dogon zama daga ƙasar da za a je. Dokokin biza, musamman na Amurka kan 'yan Nijeriya, sun sha canzawa a 'yan shekarun nan, har da tsaurarawa. A karanta shafin ofishin jakadancin a makon da ake ciki kafin a kashe ko sisi, kada a dogara da labarin wanda ya tafi bara.

Me ake tambaya a hirar biza?

Ko ta ina jami'in ya ɓullo, abu ɗaya yake son ya sani: za ka dawo? Ka san sunan shirin, da garin da za ka, da mai ɗaukar nauyinka, da watan dawowa. Kada ka haddace amsa, ana ganewa. Ka kuma sani wanda gwamnatin Amurka ta biya wa da J-1, doka ta ɗora masa komawa ƙasarsa shekara 2 kafin ya nemi bizar aiki ko ta zama na dindindin. Mai tunanin zai je ya ɓace a can, bai fahimci abin da ya sa wa hannu ba, kuma ƙannensa yake rufe wa ƙofa.

Malam, 'ya mace ce. Yaya zan sake ta ta zauna a gidan waɗanda ba Musulmi ba?

Wannan ita ce tambayar da ba na amsawa a tsaye. Abin da doka ta tanada a Amurka ga 'yan sakandare shi ne: ana binciken duk baligin da ke gidan ko yana da tarihin laifi, ana zuwa a duba gidan, dole yarinya ta samu gadonta ita kaɗai, idan kuma za ta haɗa ɗaki to da mace ɗaya ce tak. Akwai jami'in shirin a yankin, wanda wajibi ne ya tuntuɓe ta duk wata. Masu gidan ba biyansu ake yi ba, su suka nema, kuma yawancinsu sun san Musulma za a kawo musu tun kafin su amsa.

Wannan ke nan a takarda. Sauran yana wajenki, Hajiya, don ke kika haife ta. Idan yarinya ce da sai an tashe ta sallar Asuba da tsawa, can babu mai tashinta. Idan kuma mai zurfin ciki ce, wadda ko ciwo take yi sai an gane a fuska, a fara gyara wannan tun a gida. Na fi jin tsoron zurfin ciki a kan komai. Ku yi magana da masu gidan ta bidiyo kafin tafiya, ku gaya musu da bakinku cewa tana sa hijabi, ba ta cin naman alade, tana salla sau biyar. Idan kuma zuciyar mahaifinta ba ta kwanta ba, ba laifi ba ne a haƙura. Tafiyar da babu albarkar iyaye, ban ga amfaninta ba.

Daga Kano zan tashi ko sai na je Abuja?

Ya danganta da mai yankar tikiti. 'Yan sakandare akan tattara su wuri ɗaya a yi musu bita, su tashi a rukuni. Ɗan jami'a yana iya tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano, wanda ya girmi duk na Nijeriya, tun da a 1925 jirgi ya fara sauka a garin nan. Kamfanonin da suka saba zuwa, irin su Ethiopian da EgyptAir da Qatar, kowanne sai ya yada zango a gida, wato Addis Ababa ko Alƙahira ko Doha.

A zangon nan ne baƙo ke rikicewa. Da ka sauka, nemi allon da ke nuna lambar ƙofar jirginka na gaba, ka je ka ga ƙofar da idonka, sannan ka nemi wajen salla ko shayi. Lokacin da ke kan tikiti na garin da kake ne, ba na Kano ba. Idan kuma za ka ratsa ta Turai zuwa wata ƙasa, ka bincika ko sai da bizar wucewa, don fasfonmu na cikin waɗanda ake nema wa.

Me zan zuba a akwati?

Yawanci akwati biyu ne, kowanne kilo 23, da jakar hannu wajen kilo 7, amma duba tikitinka. Rigar sanyi mai kauri guda ɗaya ta isa ka sauka da ita, kuma 'yan gwanjon Ƙofar Wambai ba za su ba ka kunya ba. Sauran ka saya a can, inda aka san irin sanyin. Ka tafi da kaftani biyu da hula, ke kuma atamfa da leshi, don tabbas za a ce ku fito ku yi bayanin ƙasarku. A Amurka akwai mako guda a watan Nuwamba da aka ware don irin wannan. Ka tanadi hotunan Hawan Daushe da Dutsen Dala da Gidan Makama, kada a tambaye ka garinku ka tsaya kame-kame.

Masu masauki a kai musu abin da hannun Kano ya yi: jakar fata ko faifai daga Kurmi, ko rinin Ƙofar Mata. Sun fi daraja shi a kan abin kanti.

Soket ɗinmu mai ƙafa uku irin na Ingila ne. Na Amurka da na Jamus daban, sai da mahaɗi. Wutar Amurka 120 ce, tamu 230. Cazar waya da ta kwamfuta suna ɗaukar duka biyun, dutsen guga kuwa ka bar shi a gida. Batirin ajiye caji a jakar hannu yake tafiya. Duk abin ruwa da ya wuce mililita 100 sai babban akwati, saboda haka humra da turare a naɗe su da kyau a cusa tsakanin kaya. Ƙaramar butar roba kuma kada ka ji kunyar ɗauka, za ka gode mini a daren farko. Magani a tafi da shi a kwalinsa da takardar likita. Saƙon wani kuwa, in ba ka buɗe ka gani ba, ko ɗan uwa ne kada ka karɓa.

Kilishi fa?

A cinye shi a Kano. Amurka da Tarayyar Turai duk sun hana matafiyi shigar da nama daga nan, ko busasshe ne, kuma dambun nama da ɗanɗanon miya mai naman kaza duk suna iya shiga wannan hukuncin. Turai ta haɗa har da kayan madara, wato man shanu ma ya zauna. Na san yaron da kakarsa ta yi masa guzurin kilishi na alfarma, aka jefa a kwandon shara a gabansa yana kallo. Shi ya ci sa'a, don ya faɗa da bakinsa. Wanda ya ɓoye aka gano, tara ce ke hawa kansa. Kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji da zoɓo sun fi sauƙin wucewa. A ɗaure su a leda mai nuna abin da ke ciki, a rubuta suna, idan an tambaya ko akwai abinci a ce akwai.

Nawa zan riƙe?

Kaɗan. A canzo a Wapa, a haɗa da ƙananan takardu don ruwa da mota. Abin da ya haura dala 10,000 a Amurka, ko ya kai yuro 10,000 a Turai, sai an bayyana, amma wane ɗalibi ne ke da wannan matsalar? Iyaye dai su sani ɗan sakandare ba a ba shi izinin aiki, kada a sa ran aike.

Yaya ake sallama ba tare da an karya zuciya ba?

Ba a yi. Abin da za ka iya shi ne kada ka bar ta sai ranar ƙarshe. Fara zagayen dangi da mako biyu, ka fara da tsofaffi, ka zauna wajen kakarka zama na gaske, ba tsayuwar bakin ƙofa ba. Ka je wajen malaminka na Islamiyya. Ranar tafiya a rage 'yan rakiya; motoci uku a filin jirgi ba abin da suke ƙarawa sai kuka da mantuwar jaka.

Na sauka. Sai me?

Fasfo, da DS-2019 ko takardar gayyata, da adireshin masauki da lambar mai tarbarka, duk su kasance a jikinka, kuma a rubuce a takarda, don waya na iya mutuwa. Jami'in shige da fice zai tambayi me ka zo yi, ka amsa a taƙaice. Idan akwati bai fito ba, kada ka bar wajen sai ka kai rahoto an ba ka lamba. Wanda bai ɗago allo mai sunanka ko sunan shirinka ba, kada ka bi shi, ko da Hausa ya yi maka magana. Da ka samu intanet aika gida cewa ka sauka lafiya, don ba wanda ya runtsa. A Jamus, ka tuna akwai rajistar adireshi a ofishin gari cikin kwana 14. Lambar gaggawa 911 ce a Amurka, 112 a Turai.

Mene ne ya fi wahala a kwanakin farko?

Mutane suna zaton sanyi ne ko Turanci. Ni abin da na gani, kunya ce. A Kano an tarbiyyantar da kai cewa idan aka yi maka tayin abinci ka ce alhamdu lillahi, sai an matsa sau biyu sau uku sannan ka sa hannu. Can sau ɗaya ake tayi. Ka ce ka ƙoshi, uwar gida ta yarda da kai, ta mayar da abincin firji, ka kwana da yunwa. Ba rowa ba ce, ta ɗauki maganarka ne yadda ka faɗe ta. Idan suka ce firjin naka ne ka buɗe, da gaske suke.

Haka sunkuyar da kai. Nan ladabi ne, can sai su ɗauka kana ɓoye wani abu ko ba ka son su. Shiga ɗaki ka rufe ƙofa don kada ka takura wa manya, su a wajensu fushi ne. Kara da kawaici da muke taƙama da su, babu mai karanta su a can, don ba a koya musu wannan karatun ba. Matambayi ba ya ɓata: a daren farko ka tambayi yadda za ka kira su, ƙarfe nawa ake cin abinci, wane aiki ne naka, yaya ake kunna ruwan zafi, ƙarfe nawa ake rufe gida. Idan bakinka ya ƙi kiran dattijo da sunansa tsurarsa, gaya masa dalili, ku nemi wani sunan tare. Yawancinsu daɗi suke ji.

Samari kuma su ji da kyau: za ka wanke kwanonka, ka gyara gadonka, ka fitar da shara. Babu ƙanwar da za ka aika. Na gode kuma a riƙa faɗinta da baki, ko ruwa aka miƙo maka. Idan an ce ƙarfe bakwai, bakwai ɗin ake nufi, ba bayan Magariba ba.

Salla da azumi da abinci fa?

Nan mukan ce a fuskanci gabas, amma alƙibla ba gabas ba ce a ko'ina. Daga Jamus kudu maso gabas take, daga yawancin Amurka arewa maso gabas, daga Sin kuwa yamma. Sa manhajar lokutan salla a waya. A arewacin Turai cikin Disamba rana na faɗuwa wajen ƙarfe huɗu, sai ka ga Azahar da La'asar da Magariba sun taho a jere kana aji. A watan Yuni kuma Isha'i sai dare ya raba. Ka nemi shugaban makaranta ya ba ka ɗan wuri, galibi ana bayarwa ga wanda ya tambaya. Azumi a shekarun nan yana faɗowa ne a ƙarshen hunturunsu, don haka yinin bai kai tsawon da waɗanda suka je shekara goma baya suka sha ba. Ka sanar da masu gida tun da wuri, kada su ji motsi a kicin da tsakar dare su tsorata.

Naman alade sunayensa da yawa, yana shiga fiza da tsiran Turawa, har da wasu alewa masu danƙo. Koyi sunayen da harshen ƙasar, ka riƙa karanta bayan kwali. Kare kuwa a gidaje da yawa ɗan gida ne, har kan kujera. Tun a fom ka rubuta matsayinka. Idan ka tarar da shi, ka roƙa kada ya shiga ɗakinka saboda wajen salla, ka ware kayan da kake salla da su. Kada dai ka ɗaga masa takalmi, don za ka ɓata da gidan gaba ɗaya.

Sanyin ya kai yadda ake faɗa?

Ya wuce. Hunturun da ke sa mu hura wuta a bakin titi, a wajensu yanayi ne mai daɗi. Riga uku marasa nauyi a jere sun fi ɗaya mai kauri, a rufe kunne da yatsu, a shafa mai. Idan ka ji Ba'amurke ya ce 32, ma'auninsu daban ne, nan ne ruwa ke daskarewa.

Idan kewar gida ta kama ni?

Za ta kama ka, yawanci bayan ɗokin makonnin farko ya wuce, ta kuma dawo ranar Sallah, lokacin da kake aji ana hawa a Ƙofar Kudu. Ku sa rana ɗaya a mako ta kiran gida. New York tana bayan Kano da awa 6 a hunturu, 5 a bazara, don haka Hajiya ta daina kira da hantsi, yaro yana barci. Wanda ya kwana a WhatsApp da abokan unguwa, jikinsa ne kawai ya yi tafiya. Shiga ƙwallo ko wata ƙungiyar makaranta, ka nemi masallacin garin ranar Juma'a.

Kewa daban, cutarwa daban. Idan wani ya taɓa ka ta hanyar da ba ta dace ba, ko ana hana ka abinci, ko ana tilasta maka wani addini, ka kira jami'in shirinka a ranar, in bai ɗauka ba ka kira na sama da shi. Ana sauya wa ɗalibi gida, kuma ba a mayar da shi Nijeriya don ya yi ƙorafi.

Karatun da na bari fa, ba zan yi asarar shekara ba?

Wannan kafin tafiya ake kashe shi. Ɗan Erasmus+ yana da takardar yarjejeniyar darussa da shi da jami'o'in biyu za su sa wa hannu. A lissafin Turai nauyin darussan zango ɗaya maki 30 ne. Kada ka hau jirgi sai shugaban sashenku ya sa hannu cewa za a karɓi darussan, ka kuma ajiye kwafi, don shugaba na canzawa. Kalandar jami'o'inmu ma ba lallai ta dace da tasu ba, musamman tun yajin aikin wata takwas na 2022, saboda haka ka lissafa ko za ka dawo ana tsakiyar jarrabawa.

Ɗan sakandare kuma, shekarar karatun Amurka tana farawa a Agusta ko Satumba ta ƙare wajen Yuni, daidai lokacin da ake WAEC a nan. Uba ya je ya zauna da shugaban makaranta a rubuta ajin da yaro zai koma da shekarar da zai zana jarrabawa. Ka dawo da takardar sakamakonka ta can mai hatimi, ka karɓe ta tun kafin a rufe makarantar don hutu, domin nemanta daga Kano wahala ce.